Wace fanka zan sa wa lagireton kwamfutata, ta yi sanyi kuma ba ta dame ni da ƙara ba?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Kano ya ce ya haɗa kwamfutar tebur wadda ruwa ke sanyaya furosesarta, irin na'urar nan da ake sayarwa a haɗe da famfonta da tiyonta. Lagireton mai cin fanka uku ne, na milimita 360, ya ɗaura shi a saman akwati. Sanyi kam ana samu. Amma da zarar ya fara haɗa bidiyo sai fankokin su tashi da ruri, har ba ya jin sautin aikin da yake yi. Yana son canza su, ya duba kwalaye ya ga lambobi barkatai, kowane kamfani na cewa tasa ta fi shiru. Wacce zai saya?

Amsa: Malam, fankar da za ta yi maka ita ce wadda ta fi tura iska ta ratsa lagireto a gudun da kunnenka zai iya zama da shi, wato tsakanin juyi 800 zuwa 1,200 a minti. Lambobin jikin kwali kuwa duk an auna su ne fanka tana ƙarshen gudunta, gudun da kai kake neman tsira daga gare shi. Shi ya sa mutum zai sayi mai manyan lambobi ya ɗaura, ƙarar tana nan yadda take. Kuma a irin matsalar da ka kawo, rabin maganin sau da yawa ba a kasuwa yake ba, yana cikin saitin kwamfutarka.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar fankokin lagireton ne ke kukan. Sauke manhajar Fan Control, kyauta ce a Windows, ko ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka riƙa rage gudun kowane abu ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Famfo kukansa siriri ne, kuma in a gudu ɗaya aka tsayar da shi, ba ya hawa ba ya sauka komai nauyin aikin da ake yi. Iskar da ta maƙale cikin ruwa ƙululu take yi, amma kai da lagiretonka ke sama bai kamata ka ji wannan ba, tunda can iskar za ta taru, nesa da famfo. Sai fankokin katin hoto, waɗanda ƙanana ne, kuma haɗa bidiyo yana sa su gudu sosai. In ka rage na lagireto ɗakin ya yi tsit, to ka samu mai laifin.

Lambobi biyu ne manya a kowane kwali. CFM shi ne yawan iskar da fanka ke kwasa a minti, kuma ana auna shi ne babu komai a gabanta. Mm H2O shi ne ƙarfin turi, shi kuma ana auna shi an toshe gaban fankar ruf, iska ko kaɗan ba ta wucewa. Lagireto ba wannan ba ne, ba wancan ba ne. Saƙar siraran ƙarfe ce da ke tare iska amma tana barin ta ta wuce, saboda haka fankar tana aiki ne a tsakanin waɗannan lambobi biyu, inda kwali bai ce komai ba.

Ga misali daga kamfani ɗaya, Noctua na ƙasar Ostiriya. Tsohuwar fankarsu NF-F12 an rubuta mata ƙarfin turi 2.61 a juyi 1,500. NF-A12x25 da ta fito a 2018 an rubuta mata 2.34, kuma sai ta kai juyi 2,000 take ba da shi. Wanda ya bi kwali zai ɗauki ta farkon. A kan lagireto kuwa, in aka daidaita ƙararsu, ta biyun ce ke gaba. Babban dalili shi ne tazarar da ke tsakanin bakin fukafukanta da jikin firam rabin milimita ce kacal, alhali fankoki da yawa suna da milimita ɗaya da rabi ko fiye. Iskar da lagireto ya tare hanyar komawa baya take nema, kuma ta wannan tazarar take zillewa, tana ƙara, ba ta sanyaya komai. Kafin a matse tazara haka sai an yi fukafukan da wata irin roba mai tauri wadda ba ta miƙewa saboda juyi da zafi, in ba haka ba wata rana bakinsu zai fara gogar firam. Wannan robar tana cikin abin da ya sa fankar tsada.

Lambar ƙara ma, dB(A), kada ka auna ta wani kamfani da ta wani. Ana ɗaukar ta ne a ɗakin gwaji mai shanye sauti, fanka ita kaɗai a fili, kuma ba kowa ke ajiye makirfo wuri ɗaya ba. Kamfanin Arctic ma da wani ma'auni daban suke rubuta ta fankarsu P12, wanda ake kira sone. Ban da haka, lambar ba ta gaya maka irin ƙarar. Shuuu na iska kunne yana sabawa da shi har ya manta. Gunjin motar fanka ko ƙyas-ƙyas na boris, wato mazaunin da sandar fanka ke juyawa a ciki, kuwa, ko da bai kai shi ƙarfi ba, yana nan cikin kanka har ka tashi. Abin da za ka nema shi ne gwajin masu zaman kansu da suka ɗaura fankoki a kan lagireto guda, suka saita su duka a ƙara guda, sannan suka auna zafi. In da bidiyon da aka ɗauki sautin fankar daga ƙasa zuwa sama, saurare shi da abin kunne, ka mai da hankali kan tsakiyar gudun.

Akwai ƙa'idar da duk wata fanka ke bi, kuma in ka riƙe ta sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Ka rage gudun fanka da rabi, iskarta ta ragu da rabi, ƙarfin turinta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ƙararta ta sauka da kimanin 15 dB. Kunnen mutum yana jin saukar 10 dB a matsayin an raba ƙara biyu, to ka ga 15 ba ƙaramin abu ba ne. Arctic P12 mai turi 2.2 a juyi 1,800, in ka sauke ta zuwa 900 turinta wajen 0.55 ne. A ɗaya gefen, tara fankoki ba ya tara ƙara da yawa: biyu iri ɗaya sun fi guda da 3 dB, uku sun fi ta da kusan 5, huɗu da 6. Haɗa biyun ka gani. Fanka biyu a juyi 1,350 da fanka uku a juyi 900 iska kusan ɗaya suke kwasa, amma ukun sun fi shiru da wajen 7 dB. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan ratar, babu wata fanka mai tsada da za ta ba ka ita a kan takwararta mai kyau. Faɗin lagireto shi ne shiru na farko, ingancin fanka na biyu.

Shi ya sa in akwati zai ɗauka, fanka mai milimita 140 abar so ce. Fuskarta ta fi ta mai 120 da kusan kashi 36 cikin ɗari. Lagireto na 280 mai fanka biyu ya kusa kamo na 360 mai uku, na 420 kuma ya fi na 360 da wannan kashi 36 ɗin. Sai dai ramukan sukuru ba ɗaya ba ne, milimita 105 tsakaninsu a mai 120, 124.5 a mai 140, don haka naka lagireton sai masu 120.

Iska nawa kake bukata? Kowane CFM ɗaya yana ɗauke wat 0.57 a kan kowane digiri da iskar ta ƙara zafi. Mu ce furosesarka tana zubar da wat 250 lokacin haɗa bidiyo, wanda ba abin mamaki ba ne, tunda Core i9-14900K an rubuta mata 253, Ryzen 9 7950X kuma tana kaiwa 230. Mu ce ruwan ya fi iskar ɗaki zafi da digiri 10, iskar kuma ta fita da ƙarin digiri 7. Lissafin ya ba da CFM 63, wato 21 ga kowace fanka cikin uku. P12 a juyi 1,000 tana ba da wajen 31 a fili, lagireto da matatar ƙura kuma za su cinye kaso mai tsoka. Ka ga ke nan wat 250 a kan lagireto na 360 ya zo daidai bakin iyakar shiru. Masu haɗa irin waɗannan kwamfutoci suna da kintacen da ya yi daidai da wannan: gurbin fanka ɗaya mai 120 ga kowane wat 100. Wanda ya sa katin hoto cikin zagayen ruwan, mu ce RTX 4090 mai wat 450, lagireto guda ba zai taɓa yi masa shiru ba, kowace irin fanka ya sa.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai da ke Kano, wanda gwaje-gwajen intanet ba za su gaya maka ba. Lagireto ba ya iya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke shigarsa. Masu gwaji galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke yi. A watan Afrilu, waje yana kaiwa 40, ɗaki mara esi yana iya zama 35 har dare. Ruwanka tun kwamfuta ba ta fara aiki mai nauyi ba ya riga ya kai 36 ko 37. Manhajojin da ke zuwa da waɗannan na'urori sau da yawa an saita su ne da tunanin ɗaki mai sanyi, suna ganin ruwa ya doshi 40 sai su saki fanka gaba ɗaya. A wurinka hakan na nufin fanka tana ihu tana ƙoƙarin kai ruwa inda ba zai taɓa kaiwa ba. Ina kyautata zaton wani kaso na rurin da kake ji daga nan yake. Ruwa a digiri 45 ba matsala ba ne. Sanannun famfunan nan, D5 da DDC, iyakar da aka rubuta musu 60 ce, kuma hankali shi ne ka tsaya ƙasa da 50 a aikin yau da kullum, musamman in bututunka na roba mai tauri ne irin PETG, wanda ke laushi da zafi har ya zame daga mahaɗinsa.

Duba kaurin lagiretonka da yawan saƙarsa. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a haɗe milimita 27 ne, na Arctic Liquid Freezer 38. A na haɗa-da-kanka akwai 30, 45, 60 har sama. Ana ƙirga saƙa da FPI, wato layi nawa a inci guda: Black Ice Nemesis GTS na Hardware Labs yana da 16, SR2 ɗinsu mai kaurin 60 yana da 9 kacal, an yi shi ne musamman don fanka mai tafiya a hankali. Lagireto mai kauri da matsattsiyar saƙa yana iya zubar da zafi da yawa, amma sai an ba shi iska da ƙarfi. A juyi 800, siriri mai sakakkiyar saƙa yakan kamo shi ko ya wuce shi. Mai neman shiru kada kauri ya ruɗe shi.

To, wacce za ka saya?

In kuɗi ne abin dubawa, Arctic P12 PWM PST. Tana tafiya daga juyi 200 zuwa 1,800, ana sayar da ita biyar a kwali ɗaya a kusan kuɗin Noctua guda, kuma kowacce tana da soket a jikin wayarta da za ka jona ta gaba, ba sai ka nemi marabar waya ba. Aibinta sananne ne: a wajen juyi 1,000 wasu suna yin wani gunji mai hawa da sauka. Ba kowacce ba, ba kuma kowane kunne ke damuwa da shi ba. Maganinsa ka gano inda taka ke yi, ka sa saitin ya tsallake wurin, ta zauna a 850 ko ta haura 1,150.

In kunnenka mai tsantseni ne, kuma aikin sauti kake yi kamar yadda ka faɗa, NF-A12x25 PWM nake ba da shawara. Ba don za ta sauke maka zafi da yawa a kan P12 ba, bambancin ɗan kaɗan ne in ƙara ɗaya ce. Don sautinta ne, wanda ke tafiya sumul tun daga ƙasa har sama ba tare da wani wuri da zai dame ka ba. Garantinta shekara shida, kuma tana zuwa da fakin na roba da ke toshe tsakaninta da lagireto.

Phanteks T30 kaurinta milimita 30 ne maimakon 25 da aka saba, kuma wannan biyar ɗin yana ba ta fifiko na gaske a kan lagireto mai kauri. Tana da ɗan makunni a bayanta mai matsayi uku, iyakar juyi 1,200 ko 2,000 ko 3,000. Ka bar shi a 2,000. Silent Wings Pro 4 ta kamfanin be quiet! ita ma tana da makunni irin wannan, da kusurwoyi na musamman da ke rufe gefe in a kan lagireto za ta zauna. Duk fankar da aka tallata maka da juyi 3,000, sani cewa ba za ka taɓa amfani da wannan gudun kana zaune kusa da ita ba. Abin tambaya shi ne halinta a 1,000.

Masu fitilu kuwa, a da kusan duk ba su da kirki a kan lagireto, domin zoben fitila yana cin wurin fukafukai. Yanzu akwai masu dama-dama. In sai da fitila, zaɓi wadda hasken ke fitowa daga cibiyarta ko siririn gefenta. Kuma ka kula da soket: mai fil uku na bolt 5 daban, mai fil huɗu na bolt 12 daban, in ka cusa na 5 a na 12 fitilun sun ƙone nan take.

Boris ya fi muhimmanci a wurinka fiye da wanda fankarsa ke tsaye, domin taka a kwance take a saman akwati. Mai arahar nan da sandar ke juyawa cikin hannun riga kawai, man da ke ciki yana gangarewa gefe ɗaya in tana kwance, ga zafi, bayan ɗan lokaci sai ta fara gurnani. Nemi wadda aka rubuta FDB, ko SSO2 na Noctua, ko mai maganaɗisu irin ML na Corsair. Mai ƙwallaye biyu tana da juriyar zafi da daɗewa, amma tana da ɗan sautin gogayya da ake ji in ɗaki ya yi shiru.

Dubi firam ɗin ma. Ya zama mai kusurwa huɗu cikakke, ya kwanta lif a fuskar lagireto. Fanka mai zagayayyen jiki ko mai yankakken gefe tana barin kafa, iskar da ka biya kuɗinta ta fice ta nan. In ka ɗaura ka sa bayan hannu a gefe ka ji iska na fitowa, toshe da siririn tef.

Wajen ɗauri, ko fanka tana tura iska cikin lagireto ko tana jawo ta daga cikinsa, bambancin zafi bai cika wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Iska tana fita ne ta gefen da sandunan da ke riƙe da motar suke, kuma yawanci akwai kibiya a jikin firam. Jawowa tana da fa'ida guda mai girma a ƙasar ƙura: dattin yana taruwa a fuskar lagireto da ke buɗe, kana iya share shi ba ka kwance komai ba. A turawa kuwa tsakanin fanka da lagireto yake maƙalewa, inda ido ba ya gani. Sa fanka gaba da baya, shida ke nan, yana da amfani a lagireto mai kaurin 45 zuwa sama. A na 27 ribar ba ta kai kuɗin ba.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne akwatin kansa. Lagireto a sama yana shaƙar iskar da katin hoto ya riga ya ɗumama, in kuma gaban akwatin gilashi ne rufe, fankokin suna ja ne daga wurin da babu iska. Yi wannan gwajin: kunna aiki mai nauyi na minti 20, rubuta zafi, sannan cire murfin sama da matatarsa da murfin gefe, ka ƙara minti 20. In zafi ya sauka da digiri 4 ko 5, akwatin ne ke shaƙe su, kuma sabuwar fanka za ta shaƙe kamar yadda tsohuwar ta yi. Ƙara fanka biyu masu shigo da iska ta gaba zai fi maka amfani. Haka nan duk wata raga ko matata da ta matso dab da bakin da fanka ke shaƙa tana haifar da ƙugi. Tazarar milimita biyar zuwa goma tana rage shi sosai.

Auna wuri kafin ka saya. Lagireto 27 da fanka 25 sun ba da 52, da T30 sun ba da 57, na Arctic da fanka 25 sun ba da 63. A saman akwati waɗannan milimitoci ne ke haɗuwa da kan RAM ko wayar wutar furosesa.

Sukuru kuwa, a nan ake asarar da ba ta gyaruwa. Bututun ruwan lagireto yana iya kasancewa daidai ƙarƙashin ramin sukuru, kuma bangonsa siriri ne ƙwarai. Fanka mai 25 tana cin sukuru mai tsawon kimanin 30, biyar ne kawai ke shiga lagireto. Mai kaurin 30 tana bukatar kimanin 35. In ka ɗauki na 35 ka sa a fanka mai 25, ko ka ɗauki dogon ka ɗaure lagireto kai tsaye a jikin akwati inda gajere mai 5 ko 6 ya kamata, ka huda shi, ruwan kuma kan katin hoto zai sauka. Zaren ma ba ɗaya ba ne: yawancin na'urorin haɗe 6-32 suke ci, Alphacool M3, Hardware Labs M4. Yi amfani da wanda ya zo da lagireton, ka fara ɗaurawa da yatsu. In ka ji ya tsaya alhali kansa bai zauna ba, kada ka ƙara masa sukudireba. Kuma kada ka matse har firam ya lanƙwashe, domin fanka mai tazarar rabin milimita ba ta da wurin da za ta yafe maka.

Sayi mai fil huɗu, wato PWM. Ita wutarta bolt 12 take zama daram, wani sigina daban ne ke gaya mata gudu, shi ya sa take iya sauka ƙasa sosai ba ta mutu ba. Mai fil uku sai an rage mata wuta, kuma akwai inda take tsayawa cak. Tabbatar a BIOS an sa soket ɗin a PWM ba DC ba. Yawancin soket na madabod amfiya ɗaya yake ɗauka. NF-A12x25 tana jan 0.14, uku ba komai ba ne, amma masu juyi 3,000 da masu fitila suna ja fiye da haka, kuma kowace fanka tana jan ƙari lokacin tashi. Karanta takardar bayanta ka tara, in ya haura 0.7 nemi ɗan akwatin rabawa mai ɗaukar wuta daga wayar SATA. A marabar waya fanka ɗaya ce kawai ke aika rahoton gudunta, saboda haka in wata ta mutu manhaja ba za ta gaya maka ba, sai ka leƙa da ido. Famfo ka ba shi nasa soket, ka tsayar da shi a gudu ɗaya, kada ya riƙa hawa da sauka tare da fankoki.

Saitin gudu shi ne inda za ka ga canji mafi girma, kuma kyauta ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure fankar lagireto da zafin furosesa. Furosesa tana iya tsalle daga 45 zuwa 75 cikin daƙiƙa ɗaya don kawai ka buɗe manhaja, ta dawo kafin ka ƙifta ido. Ruwa kuwa mintuna yake ɗauka kafin ya motsa. Fanka ruwa take sanyayawa, to ruwa ya kamata ta bi. Wannan tashi da faɗuwar ma shi ya fi damun kunne fiye da ƙara mai zama wuri ɗaya. In na'urarka tana nuna zafin ruwa, kamar yadda da yawa daga na Corsair da NZXT ke yi, ga saitin da za ka fara da shi a ɗaki mai digiri 35: juyi 700 har ruwa ya kai 40, 1,100 a 45, 1,500 a 50, gaba ɗaya a 55. Ka bar shi haka duk shekara. Da hunturu ruwan ba zai ma kai 40 ba sai da ƙyar, fankokin za su yi ta tafiya a 700. Mai zagayen haɗa-da-kanka zai sa ɗan ma'aunin zafi mai zaren G1/4 a hanyar ruwa, ya jona shi a soket mai fil biyu in madabod ɗinsa na da shi, ko ya sayi Quadro na Aquacomputer, ɗan akwatin sarrafa gudun fanka mai karɓar irin wannan ma'auni.

In babu ma'aunin ruwa, a Fan Control kana iya ƙirƙirar ma'auni mai ɗaukar matsakaicin zafin furosesa na daƙiƙa 30 zuwa 60, ka ɗaure fankokin da shi. A BIOS kuma ka shimfiɗe layin a kashi 40 cikin ɗari har zuwa digiri 70, ya hau a hankali zuwa 85, ka sa jinkirin hawa da sauka a mafi tsawon da aka ba ka. Ko da manhaja kake amfani, saita BIOS ɗin ma, tunda shi ke riƙe da fankoki kafin Windows ta tashi. Kada lambar furosesa ta firgita ka. Ryzen 7000 an ƙera su ne su hau har 95 in aiki ya yi nauyi, kuma ƙara fanka daga 1,200 zuwa 2,000 ɗan abin da zai rage bai kai ƙarar da zai jawo ba. Abin da ya fi shi ne rage wutar da take ci: kunna Eco Mode a AMD, ko ka sauke iyakar wat a Intel zuwa wajen 200. Saurin aikin kaɗan zai ragu, zafin da lagireto zai zubar kuwa ya ragu da yawa.

Wani lokaci bayan ka gama komai sai ka ji wuu-wuu-wuu a hankali, kamar sautin na numfashi. Fankoki biyu ne ke gudu kusan ɗaya amma ba ɗaya ba, sautinsu na haɗuwa yana rabuwa. Noctua ma a sababbin fankokinsu na G2 suna sayar da biyu-biyu da aka bambanta gudunsu da gangan saboda wannan. Kai ma raba ta tsakiyar zuwa wani soket, ka ba ta bambancin juyi 50 ko makamancin haka.

Ƙura kuma ba ta barin saiti ya zauna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lagireto yana iya toshewa cikin 'yan makonni, ruwa ya ƙara zafi, fankoki su ƙara gudu, ka zaci sun lalace. Wanke matata duk mako biyu a wannan lokacin, ka bari ta bushe sarai. Lagireton kuma duk wata ɗaya ko biyu, kashe kwamfuta, zare wuta, riƙe fukafukan da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima, ka busa da bulowa ta kishiyar hanyar da iska ke bi, daga ɗan nesa don kada saƙar ta lanƙwashe. Ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora a tebur ko benci.

In ka yi duk wannan furosesa tana ta zafi, sa hannu a iskar da ke fita daga lagireto lokacin aiki mai nauyi. In da ɗumi, zafin yana isowa, na'urar tana aiki. In iskar da sanyi furosesa kuma tana 95, zafin bai iso lagireto ba ma. Taɓa tiyo biyun. Ko da ruwa lita ɗaya kacal yake gudu a minti, wat 250 bai isa ya bambanta su da digiri 4 ba, don haka ya kamata ka ji su kusan ɗaya. In ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi, famfo ya raunana ko datti ya toshe siraran hanyoyin da ke cikin farantin tagulla. In duka biyun da sanyi, cire kan famfon ka duba man furosesa, ka duba ko an cire ledar da ke manne a ƙasan farantin, sannan ka mayar ka ɗaure sukuru huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai.